Fawa fak mai araha: wanne zai riƙe maka kwamfuta, wanne zai ƙone ta?

Duk wanda ya taɓa haɗa kwamfutar tebur a Abuja ya san yadda lissafin yake tafiya. Za ka zuba kuɗi a firosesa, ka zuba a katin girafik, ka sayi RAM da SSD har da kesin mai fitilu, sai aljihu ya kusa ƙarewa sannan ka tuna ashe saura fawa fak, wato akwatin da ke karɓar wutar soket ya raba wa kayan cikin kwamfuta. A nan ne mai shago a Banex ko Emab zai jawo maka kwali uku huɗu masu sunayen da baka taɓa ji ba, ko wanne an buga masa 650W ko 750W da manyan baƙaƙe, ya ce yallaɓai duk aiki ɗaya suke yi, ɗauki wannan ya fi sauƙi. Ba wai lallai cutarka yake son yi ba, shi ma sau da yawa abun da ke jikin kwalin kawai ya sani. Amma wallahi ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma a duk kayan cikin kwamfuta wannan akwatin ne in ya tashi mutuwa zai iya tafiya da madabod da katin girafik da had dis ɗinka lokaci guda.

Ni dai ban yarda da maganar da wasu ke yi ba cewa in ba Corsair ko Seasonic bane toh shara ne. Yawancin sunayen da muke gani a jikin fawa fak ba su ne suke ƙera shi ba. Masana'antun da ke yin ainihin aikin 'yan kaɗan ne, a Taiwan da China, irin su Channel Well da ake kira CWT, da FSP, da Great Wall, da Delta, da HEC, da Super Flower, da Seasonic ɗin kanta. Corsair da duk sunanta bata da masana'antar fawa fak, wajen irin su CWT da Great Wall take ba da oda a yi mata yadda take so sannan a manna sunanta. Kaga kenan zai yiwu ƙaramin kamfanin da baka sani ba ya sayi tsari mai kyau daga masana'anta mai mutunci, kuma zai yiwu babban suna ya fitar da abu mara kyau. A 2021 samfura biyu na Gigabyte, GP-P750GM da GP-P850GM, masu gwaji irin su tashar Gamers Nexus sun nuna su suna tartsatsi suna mutuwa a kan teburin gwaji, har kamfanin ya buɗe hanyar canza wa mutane, alhali duka biyun suna ɗauke da tambarin 80 Plus Gold na rage ɓarnar wuta. Saboda haka abun da za ka auna shi ne samfurin da ke hannunka, lambarsa, ba sunan kamfani kawai ba.

In ka zagaya kasuwa, abun da mai ƙaramin kuɗi zai tarar kashi huɗu ne. Akwai wanda yake zuwa a maƙale cikin kesin kamar kyauta, ko a sayar maka shi a leda ba kwali, launin toka, wayoyi sirara. Akwai na ƙananan kamfanoni masu kwali da takarda da shafin intanet, irin su Aigo, Segotep, Gamemax, 1stPlayer, Huntkey da dai sauransu. Akwai na hannu, wato tokumbo. Sai kuma mafi ƙanƙantar samfuri na manyan kamfanoni, sabo fil.

Na farkon bari mu gama da shi da wuri. In kwamfutarka tana da katin girafik mai buƙatar wayar wuta ta daban, kar ma ka saka shi a lissafi. Ko a injin ofis ma ni bana so, amma na san akwai masu shagon buga takardu da haka suke lallaɓawa, toh in ya zama dole, ya zama injin da ba kati, ba kuma wasu muhimman takardu da ba a kwafe su a wani wuri ba.

Inda aikin yake shi ne kashi na biyu, domin a nan ne mai kyau da mugu suke zaune a kanta ɗaya, farashinsu ma kusan ɗaya, kuma kamfani guda zai iya samun samfurin da ya yi kyau da wanda bai kamata a jona shi da komai ba. Abu na farko ka juya akwatin ka karanta sitikar gefe, ka manta da babban lamba na kan kwali. Kwamfutar zamani kusan duk wutar da take ci ta layin 12V take bi, firosesa da katin girafik duk can suke sha, layin 5V da 3.3V ƙananan abubuwa ne kawai a kansu. Ka nemi inda aka rubuta +12V ka ga am nawa ne a ƙarƙashinsa, wato lambar da ke da A, sai ka ninka da 12. In an ce 650W amma 12V ɗin 20A ne, toh wat 240 kenan ainihin abun da zai ba firosesa da kati, sauran an cike lissafin ne da 5V da 3.3V da ba ka da buƙatarsu da yawa. Kamar mudun da aka buga wa gindi ne, daga sama ka gan shi cike amma awon bai kai ba. Mai gaskiya kuwa, 550W za ka ga 12V ɗinsa wajen 45A, wato wat 540, kusan duka ƙarfin yana inda ake bukatarsa. Wannan lissafin kaɗai zai kore maka da yawa daga cikinsu tun a gaban kanta, kuma ba ya buƙatar ka zama injiniya. In kuma ka ga kalmar peak ko max a kusa da lambar, wannan ƙarfin ɗan lokaci ne na daƙiƙu, ba wanda zai iya riƙewa yini guda ba.

Wannan lissafin yana kuma ba ka alamar irin tsarin da ke ciki. Tsohon tsari mai araha yana haɗa 12V da 5V ne a ɗaure wuri ɗaya wajen daidaita su, in ka ɗora wa 12V nauyi sosai 5V kuma ba komai a kansa, wanda haka kwamfutar yau take yi, sai 12V ya faɗi 5V ya hau. Sabon tsarin da ake kira DC-DC yana fitar da 12V ne gaba ɗaya sannan ya yanko 5V da 3.3V daga ciki, kowa da mai tsaronsa. Shi ya sa a mai DC-DC lambar 12V take kusan daidai da jimillar ƙarfin. Idan kamfani ya yi amfani da DC-DC yawanci ba ya ɓoyewa, za ka gani a kwali ko a shafinsa. Ga mai katin girafik ni wannan na fi ba wa muhimmanci akan launin tambari, ƙaramin suna mai DC-DC ya fi min babban suna mai tsohon tsari.

Toh batun tambarin 80 Plus, mutane da yawa sun ɗauke shi shaidar inganci, alhali ba abun da yake aunawa kenan ba. Tun 2004 aka fara shi, kuma abun da yake faɗa kawai shi ne kashi nawa na wutar da aka jawo daga soket ke isa kwamfuta, kashi nawa ke zama zafi. Mai fari kashi 80 cikin ɗari, Bronze 85 a rabin nauyi, Gold 90 a rabin nauyi, a gwajin wutar 115V irin ta Amurka, a wutarmu ta 230V yakan ɗan fi haka. Bai ce komai ba game da ko zai kashe kansa in waya ta haɗu, ko kafasitocin ciki za su yi shekara nawa. Sannan ga masu buga tambarin ƙarya, za ka ga 85 Plus, ko 90 Plus, ko wani zane mai kama da na ainihi da aka ɗan canza. Na ainihin akwai jerinsa a intanet, kamfanin CLEAResult ne ke riƙe da shi, ka saka sunan kamfani da lambar samfuri, in baka same shi ba toh tambarin nan fenti ne kawai. Kuma kamfanin da zai yi ƙarya a tambari ban ga dalilin da zan yarda da sauran lambobinsa ba. Akwai kuma Cybenetics, su gwajinsu ya fi zurfi, suna auna har ƙarar fanka kuma suna saka cikakken rahoto kowa ya gani, in ka samu samfurinka a wajensu ka samu abun dogaro sosai.

Amma kar a ce rage ɓarnar wuta ba ta da amfani, musamman ga wanda kamfanin wutar Abuja AEDC suka saka a Band A, rukunin da ya fi samun wuta, tunda tun Afrilun 2024 kuɗin yunit ya haura naira 200. A ce kwamfutarka tana cin wat 300. Fawa fak mai isar da kashi 70 zai jawo wajen wat 429 daga bango, mai kashi 88 zai jawo wajen 341. Bambancin wat 88 ne, in kana aiki awa 8 kullum ya kai kusan yunit 21 a wata, sama da naira dubu huɗu kenan da ta tafi a zafi kawai. Mai shagon gem ko mai aikin haɗa bidiyo da injina biyar shida ya ninka ya gani. Ga mai sola da batir kuwa abun ya fi ciwo, domin daga batir ɗinsa ake zuƙe wannan ɓarnar.

Abun da ya fi damuna a masu araha shi ne kariya. Fawa fak na ƙwarai yana da masu gadi a ciki, za ka gansu a rubuce da gajerun baƙaƙe: OVP in wutar da yake fitarwa ta hau fiye da ƙima, UVP in ta faɗi, OCP da OPP in an ja fiye da ƙarfinsa, SCP in wayoyi sun haɗu, OTP in zafi ya yi yawa. Aikinsu su kashe shi kafin ɓarna ta kai ga madabod. A nan ne masu rage kuɗi suka fi yanka saboda mai saye ba ya gani, kuma OTP aka fi cirewa, wanda a ƙasar zafi irin tamu shi ne bai kamata a rasa ba, ranar da fanka ta tsaya saboda ƙura ba abun da zai hana shi dahuwa har ya ƙone. In kwali bai lissafa waɗannan ba ko kaɗan, ajiye shi. In ya lissafa, ka sani rubutu daban aiki daban, shi ya sa nake ta nanata a nemi wanda wani mai kayan gwaji ya buɗe ya gwada, irin su Hardware Busters ko TechPowerUp ko Tom's Hardware. Ka rubuta lambar samfurin daidai a waya kana tsaye a shagon, minti biyar ya isa. In duk duniya ba wanda ya taɓa gwada shi, kai ne za ka zama ɗan gwajin da kayanka.

Yanzu mu zo kan wutarmu, domin masu gwajin nan a Turai da Amurka suke, wutarsu a tsaye take, tamu kuwa mun san halinta. Ka duba sitika wajen da aka rubuta abun da yake karɓa. Wani za ka ga 100-240V, wani 200-240V kawai, wani kuma yana da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. A unguwannin da wuta ke zuwa ba ƙarfi da yamma, taransifoma ɗaya gidaje sun yi masa yawa, har ka ga ƙwan fitila ya yi ja, mai 100-240V zai ci gaba da aikinsa ko wutar ta sauka 180, shi kuwa mai 200-240V zai fara kashe kansa ko ya yi ta wahala yana zafi. Wannan babban bambanci ne kuma da yawa daga cikin masu arahar da aka yi don kasuwar China 200-240V ne. Mai jan makunni kuwa alama ce ta tsohon tsari wanda ba shi da active PFC, wato sashen da ke daidaita yadda yake jan wuta daga soket, kuma ga haɗari a fili: yaro ko wani mai gyara ya tura shi zuwa 115 aka jona a 230, nan take zai buga.

Sai maganar ɗauke wuta. Ƙa'idar ATX, wadda masu ƙera fawa fak ke bi, ta ce fawa fak ya iya riƙe wutarsa na wajen kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa bayan an yanke masa, kuma babban kafasita na ciki ne ke yin wannan aikin. UPS na gama-gari yana ɗaukar 'yan kashi kaɗan cikin dubu kafin ya juya kan batir, toh in fawa fak ɗin ya cika ƙa'ida ba za ka ji komai ba. Amma babban kafasita yana da tsada, masu araha sai su saka ƙarami, shi ya sa za ka ga mutum yana da UPS lafiyayye amma Nepa na ɗaukewa kwamfuta ta mutu ta sake tashi, ya yi ta zagin UPS ya canza batir a banza alhali laifin na fawa fak ne. In kana da dama ka gwada wannan tun kana cikin kwanakin garanti, ka kunna gem ko wani aiki mai nauyi, ka zare filogin UPS daga bango, ka ga ko za ta tsaya. Masu inbata kuma su lura, wasu masu active PFC ba sa jituwa da inbata ko UPS mai wuta mai kusurwa, za ka ji suna ƙara zzzz ko su mutu, wanda aka rubuta pure sine wave a jikinsa shi ne lafiya. Kuma dan Allah ko fawa fak na miliyan ka saya kar ka ɗauke shi a matsayin maganin tsawa ko wutar da Nepa ke dawowa da ita da ƙarfi, damina a Abuja ba wasa bace, ka saka masa na'urar kariya a soket, in hadari ya taso ka zare gaba ɗaya. In kuma kana taɓa kesin kana jin ɗan shokin, yawanci gidan ne ba a yi masa wayar ƙasa ba, mai wayarin za ka kira, canza fawa fak ba zai gyara ba.

Zafi ma haka. Lambar wat da ke jiki an auna ta ne a wani mizanin zafi, masu kyau suna cewa a 40 ko 50 na ma'aunin Selsiyos, masu araha da yawa a 25 ko 30, wasu ma ba za su faɗa ba. A watan Maris a Abuja ɗakin da ba AC ya wuce 30 nesa, balle cikin kesin. Kenan wanda aka auna a 25 ba zai ba ka abun da ya yi alkawari ba a nan. Kafasita kuma ƙa'idar da masu lantarki suka sani ita ce duk ƙarin zafi na maki 10 yana raba rayuwarsa biyu, shi ya sa mai lambar jure zafi 105 ya fi mai 85. Na Japan irin su Nippon Chemi-Con da Rubycon da Nichicon su ne a sama, na Taiwan irin Teapo ba laifi a wannan farashin, waɗanda ba a san mai su ba su ne abun gudu. Sai dai in kwali ya ce kafasitan Japan, sau da yawa babban guda ɗaya kawai ake nufi. Kana iya haska tocilan ta ragar baya ka leƙa, amma kar ka kwance shi, babban kafasitan yana riƙe wuta mai kusan 400V ko bayan an zare filogi, tana iya kisa.

Mutane suna son auna nauyi da hannu, kuma gaskiya akwai ɗan amfani, wanda ka ɗaga ka ji kamar ba komai a ciki toh lallai an rage ƙarfen sanyaya da taransifoma. Amma nauyi ba hujja bace, an taɓa kama waɗanda aka cusa musu siminti ko ƙarfe a ciki don su yi nauyi. Wayoyi sun fi faɗin gaskiya. A jikin roba akwai rubutu ƙanana na lambar kaurin waya, 18AWG shi ne daidai, 16 ya fi kauri, in ka ga 20 ko 22 a wayar firosesa ko ta kati toh an yi rowa, ƙaramar lamba ita ce kauri. Kuma ka ƙirga kawunan, 750W da ba shi da kan PCIe na katin girafik mai fil 8 ko guda, ko yana da mai fil 6 ɗaya tal, shi da kansa ya faɗa maka bai kai ba. Mai fil 6 wat 75 aka tsara masa, mai fil 8 wat 150. Kar ka yarda a cike maka giɓin da adafta daga kan SATA na had dis da SSD, kan SATA wajen wat 54 kawai yake iya ɗauka a 12V, narkewa yake yi.

Gwajin da ake yi a shago na haɗa koriyar waya da baƙa fanka ta juya, abun da ya nuna kawai shi ne yana kunnuwa. In akwai mita ku auna, ruwan ɗorawa ita ce 12V ta tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, ja 5V tsakanin 4.75 da 5.25, ruwan lemo 3.3V tsakanin 3.14 da 3.47, kuma awon da ya fi ma'ana shi ne wanda aka yi kwamfuta na cikin aiki mai nauyi. Ko hakan ma akwai ƙananan rawar wuta da mita ba ta gani, ƙa'ida ta ce kar ta wuce 120mV, wato kashi 120 cikin dubu na 1V, a layin 12V, ita ce ke cin kayan kwamfuta a hankali har wata rana ka ga tana daskarewa ba dalili.

Tokumbo kuma kala biyu ne kuma bai kamata a haɗa su ba. Akwai wanda aka ciro daga injinan ofis na Dell da HP da Lenovo, yawanci Delta ko Lite-On ko Chicony ko AcBel ne suka yi su. Waɗannan ba su da kyan gani, wat ɗinsu kaɗan ne, 240 ko 300, amma lambarsu gaskiya ce kuma an yi su ne su yi shekaru a kunne. Ga injin buga takardu ko na rijistar JAMB ko na makaranta, ni zan ɗauki irin wannan mai 300W sau goma kafin in ɗauki 650W na leda. Matsalarsu ita ce, da yawa daga na baya-bayan nan ba su da kan nan mai fil 24 na kowa da kowa, nasu na musamman ne mai fil 6 ko 8 da madabod ɗin kamfanin kawai yake shiga, wasu kuma siffarsu ba ta zama a kesin na gama-gari, toh ka duba kafin ka biya. Kala na biyu su ne na 'yan gem, Corsair ko EVGA ko Seasonic da aka yi amfani da su a waje. In samfuri ne mai kyau kuma bai tsufa ba, za ka iya samun abun da ya fi duk sabon da kuɗinka zai saya. Amma baka san tarihinsa ba, wasu sun yi shekaru dare da rana a injin haƙar kirifto, kafasita kuma tsufa yake ko ba a gani. Ka duba shekarar da ke jikin sitika, ka shinshina ko akwai ƙauri, ka saurari fanka, ka duba kawunan ko sun yi baƙi. Kuma in mai cirarrun wayoyi ne, ka tabbata wayoyinsa ne na asali, domin ɓangaren da ke shiga jikin fawa fak ba iri ɗaya bane tsakanin kamfanoni, wayar wani ta shiga ramin wani daidai amma ta tura 12V inda 5V ya kamata, SSD ya tafi nan take.

Na huɗun, ƙaramin samfurin babban kamfani sabo, shi ne hanyar wanda baya son dogon bincike. Ba wai duka suna da kyau bane, a cikinsu ma akwai masu tsohon tsari, amma yawanci lambar jiki ba ƙarya bace, kariya tana nan, kuma kusan ko wanne an gwada shi za ka samu rahoto. Abun lura biyu ne, jabu da garanti. Shekara uku ko biyar da aka rubuta a kwali in ba wakilin kamfanin a Najeriya ba inda za ka kai shi, garantin da ke aiki shi ne wanda mai shago ya rubuta maka a rasit da lambar siriyal. Wanda ya ce maka wata shida ko shekara ya yarda da kayansa, wanda ya ce gwaji kawai in ka fita shikenan, shi ma ya faɗa maka ra'ayinsa akan kayan.

Toh wanne za ka ɗauka? Ka fara da sanin abun da injinka ke ci, domin mafi yawanmu muna sayen lambar da ba mu buƙata. Firosesa Ryzen 5 5600 da katin RX 6600 mai cin wat 132 duka injin ba zai kai wat 300 ba, 450W zuwa 550W na gaskiya ya wadatar. RTX 3060 wat 170 yake ci, RX 580 da ya cika kasuwar tokumbo 185, su ma 550W mai kyau ya riƙe su. A wannan matakin ƙaramin suna ya halatta in ya cika sharuɗɗa: 12V kusan daidai da jimilla, DC-DC, 100-240V, tambarin da ka tabbatar a jerin ainihi, da rahoton gwaji ko guda ɗaya. In ya cika waɗannan kuma ya fi na babban kamfani sauƙi sosai, ɗauka ba fargaba. In bambancin kuɗin kaɗan ne, ɗauki na babban kamfanin. Daga RTX 3070 zuwa sama kuwa, katunan nan suna fizgar wuta farat ɗaya fiye da lambar da aka rubuta musu, a nan ni ba zan yi caca da wanda ba a gwada ba ko da kwalinsa ya fi kowa kyau, 650W zuwa 750W Gold da aka sani, sabo ko tokumbo mai ƙuruciya.

In kuma ka lissafa kuɗin ya ƙi kaiwa, ka sauko da katin mataki ɗaya, ko ka bar kesin mai gilashi da fitilu, ka mayar da kuɗin kan fawa fak. In firosesarka mai girafik a ciki ce irin 5600G, ka haɗa injin haka ka fara aiki da shi, katin ya jira albashin wata mai zuwa.